Shaidar Kwali na Ashirin da Biyar

Malamai sun ce haƙiƙanin zalunci shi ne ajiye abu a inda ba muhallinsa ba. Barkono bai yi nisa a karatu ba, amma wannan jumla guda da ya tsinta a majalisin wani malami tun yana saurayi, ita ya riƙe har furfura ta cinye masa kai. Da ita yake auna mutane, da ita yake auna kansa in ya huce, kuma da ita ya auna maganin ƙwari.

Shi ne mai lura da ƙwari a wani lambun mangwaro mai itace ɗari shida da ke bayan gari. Mutum ne gajere, busasshe, mai muryar da ta fi ƙarfin ƙirjinsa. Laƙabin nan tun yana ƙarami ya bi shi, kuma bai taɓa yin abin da zai ƙaryata shi ba. Matarsa takan ce da za a tsoma ɗan yatsansa a randa, da an huta da hura wuta. Sai dai duk wanda ya zauna da shi ya san fushinsa ba na hauka ba ne. Fushi ne mai alƙibla, ba ya tashi sai an saka abu a inda bai dace ba.

Yana ɗan shekara ashirin ya shiga lambun a matsayin mai feshi. Shekara tara yana goye da tankin magani, yana bin itatuwa daga bakin ƙofa har shingen ƙarshe, ba ya tsallake ko ɗaya, domin haka aka ce masa ana yi. Fatar hannunsa ta saɓule, tsuntsaye suka ƙaurace wa lambun, amma kowace shekara in mangwaro ya ƙosa sai a yanka a tarar da tsutsa. Ƙudan mangwaro ne sila: yakan huda ɗan itacen ya saka ƙwai a ciki, ƙwan ya zama tsutsa, mangwaron ya ruɓe ya faɗo.

A shekara ta tara, don tsabar takaici, ya ajiye tankin ya ɗauki wuƙa. Kwana huɗu yana bin gindin itatuwa yana yanka abin da ya faɗo a nan inda ya faɗo. Abin da ya gani ya ƙara masa haushi a kan haushi, domin ashe tsutsar ba ko'ina take ba. Ta yi sansani a kusurwar gabas, inda shinge ya yi iyaka da wani kwazazzabo da masu sayar da kayan marmari ke juye ruɓaɓɓen kayansu. Daga nan ta biyo magudanar ruwa tana raguwa, kafin a kai tsakiyar lambu ta ɓace.

Ya tunkari maigidan lambun da wuƙar a hannu, har ma'aikata suka zabura.

"Shekara tara kana sa ni dukan ɓarawo da maƙwabcin ɓarawo da sanda ɗaya!"

Maigidan, Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai sanyin rai. Dariya ya yi ya ce, "To alƙali, nuno mini ɓarawon, ni kuwa in ba ka sandar."

Haka Barkono ya tashi daga mai feshi ya koma mai neman sawu. Wani malamin gona ya nuna masa yadda ake tarkon ƙuda: gorar roba, a huda mata ƙofofi a wuya, a rataya auduga a ciki da aka jiƙa da wani magani mai ƙamshin da ke jan ƙudan, in ya shiga ya mutu a gindin gorar. Wannan na malamin gona ne. Sauran kuwa nasa ne. Ya rataya gora arba'in da tara a faɗin lambun, jeri bakwai sau bakwai, kowace da lambarta da jan fenti. Ya tara kwalin ashana arba'in da tara, kowane da lambar gorarsa. Sannan ya zana siffar lambun a daben sito, gida-gida, har da ƙofa da magudana da kwazazzabon gabas.

Kowace Alhamis yakan fita da tire a kai, ya juye kowace gora a kwalinta, ya rufe kafin ya matsa gaba. In ya dawo sito sai ya ajiye kowane kwali a gidansa, ya buɗe su duka, ya hau wani akwatin katako ya tsaya yana kallon dabe kamar mai karanta wasiƙa. Kwalayen gabas baƙi ƙirin, na bakin magudana rabi, na tsakiya wayam. Wani makon kuma ya ga baƙin ya matsa gida ɗaya.

"Ƙuda ba ruwan sama ba ne da zai sauka bai ɗaya," in ji shi ga duk wanda ya leƙo. "Ɓarawo ne. Yana da ƙofa, yana da hanya, yana da gidan da yake sauka."

Inda baƙi ya taru, nan ake fesawa, da layi ɗaya a gabansa don a tare masa hanya, a kuma tsince mangwaron da ya faɗo a binne. Sauran lambun a bar shi da Mahaliccinsa. Ta haka layuka shida na tsakiya suka yi shekara goma sha tara magani bai taɓa su ba. A cikinsu jar tururuwar nan mai ɗinke ganye ta yi gidaje kamar dunƙulen hannu a kowane reshe, kuma itacen da take sintiri a kansa ƙuda ba ya samun natsuwar saka ƙwai. Masu tsinkar mangwaro sun tsane ta saboda cizo. Barkono kuwa cewa yake ita kaɗai ce ma'aikaciyar lambun da bai taɓa kamawa tana barci a inuwa ba. Waɗannan layuka shida su ne abin da zai nuna in aka tambaye shi me ya yi da rayuwarsa.

Da maigidan ya rasu, 'yarsa ta gaji lambun. A cikin gari take aiki, sai ƙarshen mako take zuwa. A gaban Barkono ta tashi, shi ya koya mata karanta dabe, don haka Baba take kiransa, shi kuwa bai daina ce mata 'yar maigida ba.

A shekararsa ta sittin da ɗoriya yanar ido ta rufe masa idon dama, har ya fara ɗaukar kwalin da babu kome a matsayin mai rabi. Likita ya sa ranar aiki, ranar kuwa ta faɗo daidai lokacin da mangwaro ke ƙosawa. Bayan aiki, in ji likita, mako huɗu ba ƙura, ba rana, ba sunkuyo. Barkono ya yi musu har likitan ya ce in ya fi shi sanin ido to ya zo ya karɓi rigar.

Dole ya ba da amanar tire. Wanda ya ba wa kuwa ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai ban ruwan lambun, wanda ake kira Ɗan Sauƙi. Magidanci ne ɗan hamsin da biyar, mai fara'a, mai zaƙin baki, wanda ko takalmi ba ya sa mai igiya. Barkono ya zagaya da shi sau biyu yana maimaita masa, "Kowace gora kwalinta. Ka ji? Kowace gora kwalinta." A zagayen ƙarshe, shi kaɗai, ya tarar gora ta ashirin da biyar, wadda ke tsakiyar tsakiya, ta tsage. Ya ciro ta ya tafi da ita gida don ya sake wata, ya ajiye ta a bakin taga. Washegari aka shiga da shi ɗakin aiki, maganar gorar ta fita daga ransa, bai gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar ta mako na uku, da hantsi, yana zaune a ɗaki da baƙin tabarau yana faɗa da rediyo, sai ga Ɗan Sauƙi ya yi sallama, ya miƙe ƙafa a tabarma.

"Yaya, ya jikin? Ka yi ƙiba fa. Zaman ɗaki ya karɓe ka."

"Da sauƙi, sunanka. Yau me ya hana ka ban ruwa?"

"Yau hutu. Feshi ake."

"A wane gida?"

"Duka."

Barkono ya kashe rediyo. "Duka me?"

"Duka lambun mana. 'Yar maigida ta zo jiya ta leƙa sito, ta ga kwalaye duk sun yi rabi, arba'in da taran nan cif. Ta ce annoba ta game ko'ina, kai kuma ba a so a tayar maka da hankali. Ta ɗauko mai feshi da tarakta, tun safe suka fara daga bakin ƙofa."

Barkono ya juya da lafiyayyen idonsa ya dubi taga. Gorar na nan a tsage, da jar lambarta.

"Arba'in da tara ka ce?"

"Cif."

"Har na ashirin da biyar?"

"Shi wane ne da za a tsallake shi?"

Ya miƙe a hankali, ya ɗauko gorar, ya dangwarar da ita a gaban ƙanensa. "To ga uwarsa nan a ɗakina mako uku. Ƙudan da ke cikinsa daga ina ka samo? Haihuwarsu ka yi?"

Ɗan Sauƙi ya dubi gorar, ya sosa ƙeya, sannan ya yi murmushin wanda aka gano dabararsa.

"Haba Yaya, ai duk ƙudan lambu ɗaya ne. Kai ka ɗora wa kanka wahala, kana yini kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ni bokiti na ɗauka, in bi in juye su duka a ciki, in zo sito in raba musu da cokali, daidai wa daida. Ko ƙuda ɗaya ban zubar ba. Ba kai ke mana wa'azin adalci ba? To na yi wa kwalaye adalci."

An ce ihun da Barkono ya yi sai da kajin maƙwabta suka watse.

"Adalci? Kai, wannan shaidar zur ce! Ka ɗebo laifin gabas ka shafa wa tsakiya, ka ɗebo tsarkin tsakiya ka wanke gabas! In gawa ta faɗi a unguwa ɗaya sai a raba wa kowane gida yatsa a ce an yi adalci? Kaico da cokalinka! Tashi ka tayar da babur!"

Matarsa ta shigo da gudu ta tsaya a bakin ƙofa. "Ina za ka? Likita ya ce ba ƙura, ba rana. Saura mako ɗaya tak, malam. Ido ne fa, ba a sayar da shi a kasuwa."

"Ya gyara mini shi ne don in ga bango? Ba ni hanya."

Ta san wanda ta aura. Ta jiƙa tawul ta cusa masa a hannu, ta ce wa ƙanen mijinta, "Kai kuma, in idon nan ya lalace, ni da kai ne. Sauƙin naka ga inda ya kawo mu."

Tun daga nesa suka ji rurin injin. Taraktar tana jan babban tanki, tana watsa farin hazo hagu da dama har ƙololuwar itatuwa. Ta gama yammacin lambun kaf, inda ko ƙuda goma ba a taɓa kamawa a mako ba, ta shiga layukan tsakiya, ta gama biyu. Barkono ya sauka tun babur bai tsaya ba. A ƙarƙashin itatuwan layukan nan biyu ƙasa ta yi ja. Tururuwa ce ke zubowa daga rassa kamar yayyafi, tana murƙususu, wasu da fararen ƙwai a baki. Gidajen ganyen da aka shekara goma sha tara ana ɗinkawa suna ɗigar magani.

Barkono bai tsaya ba. Ya rufe hanci da tawul, ya ratsa ragowar hazon, ya je bakin layi na uku ya kafe a tsakiyar hanya, gora a hannu. Direban ya taka birki, ya zare ƙyallen bakinsa.

"Tsoho, ka gaji da duniya ne? In mutuwa kake so ka je titi, nan wurin aiki ne!"

"Kashe injin nan!"

"Kai wa? Wadda ta kira ni ta ce duka, ni kuwa duka na sani."

"Ni ma shekara tara duka na sani, har fatar hannuna ta saɓule. Jaki ma in ya ga rami yana tsayawa. Kashe, ko ka bi ta kaina!"

Injin ya yi shiru. 'Yar maigida ta fito daga sito da sauri, gyalenta na jan ƙasa.

"Baba! Innalillahi, me ya fito da kai? Idonka!"

"Bar idona, zo da naki."

Ya wuce gaba, ta bi shi zuwa tsakiyar layi na huɗu. Ya nuna mata wayar rataye gora da ke lilo a reshe, babu kome a jikinta. Ya ɗaga gorar da ke hannunsa ta ga lambar. Sannan ya daka wa Ɗan Sauƙi tsawa ya kawo kwali na ashirin da biyar daga sito. Aka buɗe, ga ƙuda rabin kwali.

"Ga mai shaida ya ba da shaida a kan abin da ya faru a nan, alhali mako uku yana kwance a tagar ɗakina. Tambayi wancan yadda aka yi."

Ɗan Sauƙi ya faɗi maganar bokiti da cokali, wannan karon ba murmushi. Ta daɗe tana kallon kwalin.

"Baba, ni abin da na gani a dabe shi na bi. Kai ka koya mini."

"Na koya miki ki ga baƙi, ashe ban koya miki ki yi mamaki ba. Tun kina rarrafe kike ganin daben nan. Kin taɓa ganin ya yi bai ɗaya? Ko sau ɗaya? Yatsun hannunki ma ba su yi daidai ba, sai ƙuda ne zai raba kansa da mudu? Ranar da kika ga kowane gida ya ba da amsa iri ɗaya, ki san mutum ɗaya ne ya amsa musu."

Direban ya leƙo daga kan tarakta. "Hajiya, magani dai an riga an haɗa. A ƙarasa mana. Rigakafi ai bai taɓa yin yawa ba."

'Yar maigida ta dubi tankin. Barkono ya ga zuciyarta na rawa, domin wanda ya tsorata da annoba ba ya sakin sanda da wuri. Ya zaro wuƙarsa, ya sunkuya, abin da likita ya hana, ya tsinci mangwaro biyar a gindin itacen ya yanka su ɗaya bayan ɗaya a gabanta. Duka biyar rawaya shar, babu tabo.

"Saura nawa a tankin naka?"

"Kamar kashi ɗaya cikin uku," in ji direban.

"To biyo ni ki ga inda ba zai kai ba."

Suka bi magudana zuwa gabas. Tun kafin su isa tsami ya tare su. A kusurwar, ƙasa ta rufe da ruɓaɓɓen mangwaro, domin mako uku dabe bai nuna wa kowa wurin ba, babu wanda ya tsince, babu wanda ya binne. Ya yanka ɗaya daga kan reshe, wanda daga waje lafiya lau yake. Tsutsa ta yi tsalle ta faɗa a gyalenta.

"Ga ɓarawon. Yana nan yana cin karensa babu babbaka, ku kuwa kuna can kuna yi wa masu gadi bulala. Da kun ƙarasa tsakiya, kafin ku iso nan tankin ya ƙare."

'Yar maigida ta karkaɗe gyalenta. Ta koma da kanta ta ce wa direban ya juya ta hanyar bakin shinge, ya rufe famfo har sai ya kai inda Baba zai nuna masa. Barkono ya tsaya nesa da iska yana nuni da wuƙa: wannan layi, da wancan, da ɗaya a gabansu, shi ke nan. Da direban ya ce saura kaɗan a tanki, ko a watsa wa na kusa, sai ya ce masa ya kai gida ya yi wanka da shi.

Kusurwar gabas ba ta ba da abin kirki ba a shekarar. Idon kuwa ya yi ja ya kumbura a yammacin ranar. Likita ya yi faɗa, karon farko kuma Barkono ya yi shiru ana yi masa faɗa. Ganin ya dawo, amma da wani ɗan hazo a gefe wanda bai tafi ba har yau. Matarsa ta yi kwana goma ba ta amsa gaisuwar Ɗan Sauƙi ba. Layuka huɗu suka tsira daga cikin shida.

Ranar da ya koma aiki, abu na farko da ya yi shi ne ya ɗauki ƙusa da guduma ya huda gindin bokitin nan sau bakwai, ya rataye shi a ƙofar sito. Na biyu, ya ce wa 'yar maigida kuskuren gorar nasa ne, da ya faɗa tun farko da ba a kai ga haka ba. Ta ce ai gorar ce ta ceci layuka huɗu. Ya ce wannan rahamar Allah ce, ba wayonsa ba, kada ta haɗa masa su a bokiti ɗaya.

Na uku kuwa igiya ya sayo. Ya jira aka yi ruwa sau uku ya wanke ganye, sannan ya ɗaura igiyoyi daga rassan layi na uku zuwa na biyu, domin tururuwa ta samu gada ta koma gidajen da aka kashe. Tun da ido ya hana shi hawa, Ɗan Sauƙi ne ke hawa, tururuwa na cin wuyansa yana ihu.

"Yaya, wallahi suna cikin rigata!"

"Bar su. Haƙƙin 'yan'uwansu suke karɓa. Ja igiyar ta miƙe, ba takalminka ba ne."

Mako biyar igiyoyin na nan babu mai bi. Kullum da safe Barkono sai ya je ya tsaya ya dube su, ya zagi bokiti, ya zagi cokali, ya wuce. A safiyar wata Alhamis, yana ɗauke da tire, ya ga wani jan ɗigo yana motsi a tsakiyar igiya ta uku. Ya ajiye tiren, ya karkata kai don ya kawo lafiyayyen idon, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa igiyar. Ɗaya ce a gaba, huɗu a bayanta, suna tafiya yamma.

Ya kai yatsa don ya kawar musu da wani busasshen ganye da ya maƙale a hanya. Ta gaban ta tsaya, ta ɗaga kai, ta gantsara masa cizo.

"Butulu," in ji Barkono, yana yarfe hannu. "Wuce ki kama aiki, layi biyu ke jiranki."